Wutar da Ba Ta Hayaƙi

Litinin, 3 ga Maris
Likita ya ce ƙirjina ya sha hayaƙi ya ƙoshi. Babban ɗana yana gefe yana gyaɗa kai. A hanya ya ce in tarin bai lafa ba zuwa ƙarshen wata, zai rufe rumfar abincina in zauna gida. Shekara talatin da ɗaya ina dafa wa ma'aikata. In zauna in yi me, in ƙirga ƙudaje?

Laraba, 5 ga Maris
Matarsa, Malama, ta kawo buhun gawayin ɓawon kwakwa da kurfoti. "Mama, ba ya hayaƙi, ga daɗewa." Wadda ko ruwan zafi sai ta duba waya. Na ce ta ajiye can.

Asabar, 8 ga Maris
Na gwada. Wuyar kamawa kamar me, na yi fifita har kafaɗata ta sage. Ni da hayaƙi nake gane wuta. Da na ga babu, ga toka fara a sama, na ɗauka ta mutu, na ƙara tulawa na tafi yanka albasa. Ashe tana ciki tana ci. Shinkafar mutum ashirin ta ƙone ƙurmus. Masu walda da ke cin abinci a wurina suka leƙo suka juya. Na yi kuka, ba na ɓoyewa.

Lahadi, 9 ga Maris
Na koma itacena. Tari har da amai.

Alhamis, 13 ga Maris
Malama ta zo ta hura gawayin a kurfoti har ya yi farar toka. Ta kama hannuna ta riƙe shi sama da tokar. Zafi ya dake ni. "Da tafin hannu ake jin ta, Mama." Haushi ya kama ni, don gaskiyarta.

Talata, 25 ga Maris
Zubin gawayi ɗaya ya dafa wake, ya dafa miya, har da saura. Gindin tukunya bai yi baƙi ba, ban kankare komai ba. Gajiya dai tana nan. Gwiwa ma.

Litinin, 31 ga Maris
Ɗana ya zo da kwaɗon rufe rumfa a aljihu, na ga shatinsa. Ya ci faranti biyu yana kasa kunne ko zan yi tari. Ya tafi da abinsa.
Ragowar itacen na ba maƙwabciya. Hanya ya tare min, shi ke nan.
Wai ɗazu ina waƙa a bakin tukunya, inji mai walda. Ni ban ji ba.