Ma'aunin Hannun Lorene

Cane Hollow, Arkansas
9 ga Afrilu

Zuwa ga Babana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kuma gwiwar nan ta daina hana ka zuwa coci. Ka gaida mini Inna Verna. Kada ka yi mamakin rubutuna ya koma kamar kaza ta yi tono, da hagu nake yi.

Na san Sherif, shugabanmu, ya kira ka, kuma na san ya rage maka zancen. Kai da ka yi shekara talatin da wannan kaki ba a rage maka.

Ranar Talata da tsakar rana aka ce an ji harbi a gidan Doyle Crabtree, can bakin rafi. Muka tafi ni da Alvin Stroud, abokin sintirina. Twila, matar Doyle, muka fara gani, kwance a kan matakalar gida, kwandon wanki na gefenta, rigarta ta rine. Alvin ya durƙusa zai taɓa wuyanta, sai Doyle ya fito ta bayan tankin gas. Harbin farko ya shiga maƙogwaron Alvin. Na zaro bindigata na harba sau biyu, a na uku ta cije. Ina cikin bugun ta ina jan ta, kamar yadda ka koya mini, na ji kamar an dake ni da guduma. Da na duba hannun damana, babu manuniyata da ta tsakiya.

Baba, Doyle tahowa yake yi yana harbi a natse, bindigarsa ba ta yi tari ko sau ɗaya ba. Na faɗa kan Alvin, jininsa mai ɗumi yana shiga mini wuya, na zare tasa da hagu. Sau biyar na harba. Biyu suka same shi, ɗaya a ciki, ɗaya a ƙasan ido. Ya zauna a ƙasa kamar wanda ya gaji, bai sake tashi ba.

Alvin ya cika a hannuna kafin motar asibiti ta iso. Yana ta motsa baki, ban gane abin da yake cewa ba. Matarsa ta tambaye ni, na ce sunanta yake kira. Allah Ya yafe mini.

Na san abin da za ka ce, in ajiye aiki. Ba zan ajiye ba.

'Yarka,
Lorene


Cane Hollow
20 ga Yuli

Baba,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarka ta iso, har da zumar. Na gode da ba ka sake zancen ajiye aikin ba, ko da yake na gan shi a tsakanin layuka.

Hannu ya warke. Sherif ya ce in na ci jarrabawar harbi da hagu a watan Nuwamba zan koma sintiri, in na faɗi sai aikin tebur a ofis. Kuma na rantse ba zan sake ɗaura bindigar da aka zubo daga kamfani dubu-dubu ba. Wadda za a ƙera don hannuna nake so, ta bahaguwa. Maƙera biyu suka rage a raina.

Ta farko Ofelia Treviño, a Texas. Na yi tuƙin awa tara na je. Maƙerarta ta fi ɗakin tiyata tsabta, injuna ke yanka ƙarfe, ita kuma ta bi da hannu ta ƙarasa. Ta ba ni ɗaya na gwada, harsashi ɗari biyu ba ta cije ba. Kunamarta kamar ka karya sandar gilashi. Ta ce a mako takwas za ta gama tawa. Da ta ji sunan garinmu sai ta yi dariya ta ce, "To ke da kike maƙwabtaka da tsohon nan mai taurin kai, me ya kawo ki wurina? Shekara ashirin yana cewa injin ɗinki gare ni."

Orval Tackett take nufi, shi ne na biyun, ka san shi. Kai ne kake cewa duk wanda ya riƙe ta Tackett ya riƙe gaskiya. Har yau guda goma sha biyu yake yi a shekara, da magagari da gilashin ido, kuma mutane na jira shekara biyu.

Ga abin da ban faɗa maka ba. Na je ɗakin ajiyar shaida na ce a nuna mini bindigar da ta cire mini yatsu. Baƙa ce sumul, ƙotarta ta icen goro ce, ƙarama, ta hannun mace. A gefe an zana: "Don Twila, daga Babanta." Twila 'yar Tackett ce, Baba. Da ya ga tabon duka a fuskarta ya ƙera mata don ta kare kanta, mijin ya ƙwace ya kashe ta da ita.

Na ɗauke ta da hagu. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma ban taɓa riƙe abin da ya zauna mini a hannu kamarta ba. Na fita waje na yi amai.

Hankali ya ce Texas. Amma kullum zuciyata tana hawa dutsen nan da Tackett yake zaune.

Wani abu kuma, kada ka gaya wa Inna Verna. Harlan, yayan Doyle, yana yawo a mashaya yana cewa ni da tsohon muka ci ƙaninsa. Shekaranjiya na tarar da karena a rataye a jikin shinge. Na binne shi da kaina. An je kama Harlan ba a same shi ba.

Taka,
Lorene


Cane Hollow
14 ga Agusta

Babana,

Ina gaishe ka. Kafin komai, lafiyata ƙalau, ko ƙwarzane babu. Zauna ka karanta.

Ranar Asabar da hantsi na hau wurin Tackett. Na bar tsohuwar bindigarka a mota, don na ga bai dace in shiga wa mai makoki da makami ba. Wannan kuskurena ne. Na same shi a zaune a maƙera, ƙura ta rufe teburin, tun Afrilu bai taɓa ƙarfe ba. Ya rame har wuyan rigarsa na lilo. Na ce masa na je Texas na gani, amma shi na zaɓa.

Ya ce, "'Yata, kin zaɓi gawa. Wadda na yi ta ƙarshe ta ci Twila, ta ci Alvin, ta ci hannunki. Je ki wurin mai injin ɗinki."

Na ce, "Baba Orval, ita ce dalilin zuwana. Ba na so ta zama ta ƙarshe."

Ya zuba mana gahawa. Can ina riƙe da kofi sai na ga idonsa a kan hannuna. Ya ce in ajiye. Ya kama tafina na hagu ya juya, ya ɗauko ma'auni yana gwada kowane yatsa, yana mita cewa hannuna ƙarami ne amma babban yatsan kamar na manomi. Bai rubuta komai ba. Ina ganin bai ma san yana yi ba.

A nan muka ji tsayuwar mota. Harlan ya banko ƙofa da doguwar bindiga mai baki biyu, yana warin giya. Ya ce, "Madalla, tsuntsu biyu a reshe ɗaya!" Ni ya fara nunawa. Tsohon nan mai shekara saba'in da huɗu ya daka tsalle ya cafke bakin bindigar da hannun dama ya ture. Ta tashi. Baba, hannun ya tarwatse daga wuyansa, jini da tsoka suka fantsama a kan kayan aikin da ke rataye a bango.

Na wawuri babban magagari a kan tebur na caka wa Harlan a kafaɗa. Ya make ni da gindin bindiga na faɗi. Yana ƙoƙarin juyo da bakinta, na ji Tackett daga ƙasa yana ihu, "Aljihun tebur! Na hagu!" Na fizgo. Wata bindiga ce da bai gama ba, farin ƙarfe, ko ƙota babu. Ita yake ajiyewa da harsashi tun da Harlan ya fara barazana. Na harba sau uku daga kwance. Duka ukun a ƙirji. Ya faɗa kan uwar maƙera, kansa ya fashe.

Na ɗaure wa tsohon dantse da bel ɗina, na ja da haƙori. Yana ta cewa in sassauta, na ƙi.

Ya rayu. Sun yanke masa daga gwiwar hannu. Ba zai sake riƙe magagari ba, kuma ya san haka tun kafin likita ya buɗe baki.

Jiya na je duba shi da miyar wake da burodin masara. Bai taɓa ba. Ya ce in kira masa Texas in kara masa wayar a kunne. Ofelia ta ɗauka. Ya ce, "Ke mai injin ɗinki, Tackett ne. Ɗauko biro." Daga nan ya shiga karanto mata ma'aunin hannuna da ka, yatsa bayan yatsa, har da nauyin da kunama za ta yi da inda za a rage ƙota. Tana ta rubutawa. Da ya gama ta ce, "Orval, sunan wa zan zana a jiki?"

Ya ce, "Naki mana. Ke za ki yi. Amma in ta cije ko sau ɗaya, da hannun da ya rage zan zo in same ki."

Da aka kashe wayar ya juya fuska bango. Na zauna har ya yi barci, sannan na tafi.

Bindigar za ta iso a Oktoba. Ka zo, Baba, ka tsaya a bayana ranar jarrabawa. Kuma ka zo da wuri, akwai tsohon da ke bukatar wanda zai riƙa yi masa gardama a baranda, ni ban iya ba.

Ka gaida Inna Verna. Allah Ya bar mana kai.

'Yarka mai ƙaunarka,
Lorene Pettijohn