Haƙoran Kavata Sun Fita

Mlolongo, Nairobi

Zuwa ga mahaifiyata,

Bayan gaisuwa mai yawa, Mama, ya ƙafar taki? Ina fatan ruwa ya sauka a Makueni kuma awaki suna lafiya.

Ranar Talata da safe na ga jikarki Kavata. Haƙoranta na gaba sun fita.

Kin san tun da uwarta ta sake aure ba a ba ni ita. Da a cunkoson titin Mombasa nake ganinta. Motar makarantarsu takan maƙale daidai inda nake tallan ayaba, in miƙa mata ɗaya ta taga. Duniya na zagin cunkoso, ni ina yi masa addu'a. Sai motar ta koma bin sabuwar hanyar da ake biyan kuɗi, wadda ba a bari mai ƙafa ya hau. Na tsaya a ƙarƙashinta inda ta bi ta sama, ƙara kawai nake ji. Na hau gadar masu ƙafa, rufin mota kawai na gani.

Daga baya na lura kowace mota sai ta rage gudu a ƙofar biya. Can na kai farantina, bayan shingen waya. Ba mai saye a wurin, ayaba ta sha nuna a kaina. Wafula maigadi kullum sai ya ce wai ko shingen nake sayar wa, in yi masa ragi tunda babban kwastoma ne. Yarinyar kuwa ko tana barci, ko tana ɗaya gefen. Har na fara tsoron ta manta fuskata.

Talatar nan tana gefena. Ta dube ni, ta dubi farantin, ta sake dubana. Sai ta manna fuska a gilashi, ta buɗe baki tana nuna mini giɓin da yatsa, har sandar ƙofa ta ɗaga suka wuce. Ban iya ko ɗaga hannu ba.

Kin aiko in dawo gida in kama gona. Ki yi haƙuri, Mama, ba bana ba. Ina so in ga fitowar sababbin.

Na san za ki ce idona ne ya nuna mini abin da raina ke so. To Wafula ya gani. Mama Atieno mai shayi ma ta gani, har ta zuba wa wani shayi a takalmi.

Ki gaida Kawu Muendo.

Ɗanki,
Kyalo