Rumbun da Ba a Ce Masa Babu

Malam Ɗangoma, don Allah ka taimake ni, kaina ya ɗaure.

Ni ne babba a gidanmu, a wani ƙauye na Kurfey. Gonar da mahaifinmu ya ciyar da mu da ita muna mu tara, ita dai muke nomawa yau. Ba ta ƙaru ba, sai ma gajiya da ta yi, mu kuwa mun haura talatin. Ni da ƙannena Manzo da Issa, kowa da iyalinsa, tukunya ɗaya. Dajin da za a sare ma ya ƙare, inda muka yi kiwo muna yara yanzu gidaje ne.

A gidanmu babba kaɗai ke leƙa rumbu. Kuma marigayi mahaifinmu ya hore mu, ba a ce wa rumbu babu. In an tambaye ka sai ka ce da sauran albarka. Haka nake faɗi kullum in na sauko da damen hatsi, su kuwa sun ɗauka da gaske. Matar Issa ta haihu shekaranjiya, har yana cewa a dama fura mai yawa ran suna, tunda da sauran albarka. Malam, abin da ya rage iri ne, zangarniyar da na zaɓa da hannuna da kaka. In na sauko da shi, me za mu shuka in ruwa ya zo? In na hana, ga ƙaramar ɗiyata Balkisa tana lasar ludayi bayan kowa ya tashi. Ni kaina na koyi cewa na ƙoshi tun ban fara ba. Bakina ya kasa furta kalmar nan. Yaya zan yi?

Mai Hawa Rumbu, Kurfey

Ya kai Mai Hawa Rumbu,

Mun karanta takardarka a zaune, muka sake karanta ta a tsaye saboda girman al'amarin. Majalisarmu, wadda ta ƙunshi mu da tabaraunmu, ta zauna, ga hukuncinta.

Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, yana da hujja: baki tara ana iya rarrashinsu da kalma mai daɗi har damina ta kai. Amma dogon bincikenmu ya tabbatar da cewa ba a taɓa dama sauran albarka da nono an sha ba.

Ba mu ce ka saɓa masa ba. Faɗi ya hana, bai hana gani ba. Gobe da safe ka jingina tsani, Manzo ya hau, Issa ya bi, kai kuwa ka yi shiru. Rumbu zai yi jawabi da kansa, kuma ya fi mu iya magana, mu da ake ji da mu.

Iri kuwa kada a taɓa shi. A raɗa suna da abin da ya samu, domin har yau ba mu ji jaririn da ya kai ƙara kan ƙarancin fura ba. In akwai akuya, a kai ta kasuwar Baleyara a sayar, a auno hatsi kafin ya ƙara tsada. Masu ƙarfi su nemi aiki a Yamai kafin shuka. Balkisa da mai jego su fara ci, in yarinyar tana ramewa a kai ta asibiti. Haihuwa kyautar Allah ce, ba mu musa ba, sai dai gona ba ta haihuwa. Ku zauna da matanku, ku tambayi ungozomar asibiti batun tazarar haihuwa.

Duk wannan ba zai cika rumbu ba, mun sani. Mun zazzage jakar hikimarmu muna neman gona ta biyu da za mu ba ka. Babu. Ka ga, mun faɗi kalmar, kuma rufin ɗakinmu bai faɗo ba.

Allah ya raya jariri, ya ba ku albarkar da ake aunawa da tiya.

Malam Ɗangoma