Ƙusoshin Malam

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yara. Na zaɓi takarda ne domin wannan ba maganar waya ba ce. Kunnen mijina Malam bai tsufa ba, gidan nan kuma ba shi da lungu.

Na yi wa mijina ƙarya jiya. Zan faɗa miki yadda aka yi, ba don ki wanke ni ba.

Kin san littafin da yake rubutawa tun da ya bar koyarwa, a kan ƙananan kalmomin Turancin nan da ke bin bayan sifa, waɗanda yake kira ƙusoshi, irin su afraid of, good at, interested in. Shi ke rubutawa da hannu, ni nake bugawa a kwamfuta. Ɗan Turancin da na iya, a teburin nan na koye shi. To, tun watan jiya na fara cin karo da abin da ban taɓa gani a rubutunsa ba. Ya rubuta interested on. Na ɗauka zamewar biro ce, na gyara. Sai ga proud for. Sai wasu suka biyo. Ina gyarawa, ina yin shiru.

Jiya bayan la'asar ya duba shafukan da na buga, ya tambaye ni ko na ga wani abu a rubutun hannunsa. Na ce ban ga komai ba. Ya yi murmushi, ni kuwa na tashi na shige kicin.

Tun lokacin nake tuhumar kaina. Tausayinsa ne ya rufe mini baki, ko tsoron abin da zan gani a fuskarsa? Ina zargin na biyun ne, kuma wannan son kai ne. Na yi istigfari, na yi wa Allah alkawari zan gaya masa gaskiya kafin littafin ya tafi wurin mai ɗab'i.

Ke ma'aikaciyar jinya ce. Faɗa mini, tsufa ne kawai?

Wassalam,
Yayarki

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara na gaishe ku.

Ke dai ba kya canzawa. Abu ya taso, kin zauna kina auna tsarkin niyyarki. Malamin da ya dawo mini da wasiƙar neman aikina ta yi jajir da biro saboda na rubuta good in, har na yi kuka, shi ne yau yake rubuta proud for? Yaya, ban yarda tsufa ba ne. Likita ne zai yanke, amma mai hawan jini irinsa in kalmomi suka fara zame masa, wani lokacin ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa ne ke toshewa, kuma babbar toshewa, mai shanye ɓarin jiki, na iya biyo baya.

Yana shan maganinsa? Yana neman sunan abu ya rasa? Yaya hannunsa na dama?

Bar zancen mai ɗab'i. Ki gaya masa yau, ki kai shi asibiti. In bakinki ya yi nauyi ni zan zo in faɗa, ai na saba shan faɗansa.

Taki,
Auta

Ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Saƙonki ya iso, Allah Ya saka da alheri. Ban faɗa masa ba.

Na yi niyya. Na kai masa shayi na zauna, amma kafin in buɗe baki ya riga ni. Ya ce yana so ya yaba mini. Wai ya ɗana mini tarko a babin kalmomin tsoro na littafin, kamar yadda yake yi wa ɗalibansa a da: ya dasa kuskure da gangan domin ya ga ko ina farke, na kuwa kama. Ya ce ya san kunya ce ta sa na ce ban ga komai ba. Ya buɗe rubutun hannunsa ya nuna mini afraid from, yana dariya.

Na ce a raina ashe duk tarko ne, na kusa faɗuwa sujada. Sai na lura guda ɗaya tak ya nuna. A wannan shafin akwai wasu da na gyara, yatsansa ya bi ta kansu ya wuce bai tsaya ba.

Amsar tambayoyinki: yana shan magani in ya tuna. Shekaranjiya ya nemi cokali, ya ce in miƙo masa “abin nan na juyawa”. Kofi ya suɓuce masa sau ɗaya, ya ɗora laifin a kan kofin.

Ya kira mai ɗab'i, zai zo karɓa ranar Alhamis. Littafin yanzu fes yake. In na yi shiru, ba mai karatun da zai sani, sunansa zai tsaya yadda ya gina shi. In na yi magana, da bakina zan rushe abin da ya fi taƙama da shi a duniya. Na san wannan lissafin Shaiɗan ne, amma yana shiga kunnena. Ina roƙonki kada ki zo tukuna.

Ki sa mu a addu'a.
Yayarki

Yaya,

Gaisuwa. Littafi zai fita fes, na ji. In ya yanke jiki ya faɗi a banɗaki, littafin ne zai ɗaga shi? Ba sunansa kika aura ba.

Na yi wa likitanmu bayani, ya ce kada a ƙara kwana. Ina shigowa motar safe ranar Alhamis. Ko ki faɗa, ko ki ji ni ina faɗa a gabanki. Ki yi haƙuri da bakina.

Auta

Auta,

Assalamu alaikum. Na bar wannan takarda wurin maƙwabciya domin ki tarar.

Yau Laraba da hantsi na ajiye shafin nan na rubutun hannunsa a gabansa, na ɗora jan bironsa a kai. Na ce, “Malam, na yi maka ƙarya, kuma ba kunya ba ce. Ba tarkon kaɗai na gyara ba. Ka duba da kanka.”

Ya zagaye tarkonsa nan take. Sannan ya karanta har ƙasa, ya koma sama, ya sake saukowa. Biron bai ƙara taɓa takardar ba.

Ya ce, “Akwai saura?”

Na ce akwai.

Ya rufe biron, ya miƙo mini shi. Ya ce in ɗauko masa takalmansa da katin asibiti. Ban sani ba ko ya yafe mini. Sun kwantar da shi, za a yi masa hoton kai.

Na cika alkawarina. Ki same mu a asibitin, ɗakin maza.

Yayarki