Ɗakin da ke Bayan Asibiti

Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Mun iso gida lafiya. Jikarka tun a mota take tambayar yaushe za ta koma wurin mijinta tsoho, wato kai.

Baba, ka gafarce ni, zan rubuta abin da bakina ya kasa faɗa a gabanka. Ranar da nake share maka ɗaki na ga kwalaben da ke bayan littattafai. Kuma da ka faɗi a bakin ƙofa, yarinyar ta gani. Na ce mata santsi ne. Babanta bai yarda ba, ya ce ba za ta ƙara kwana a gidan ba.

Na tambayi wata likita a wurin aikinmu, ban ce kai ne ba. Ta ce a garinku akwai mutanen da giya ta kama, suna haɗuwa suna taimakon juna su rabu da ita. Kowace Laraba, ƙarfe huɗu, a wani ɗaki bayan ƙaramin asibitin da ke kusa da tasha. Ba a tambayar suna. Don Allah ka je, ko sau ɗaya ne.

'Yarka mai ƙaunarka.

*

Uwata,

Takardarki ta same ni, na karanta ta sau uku. Allah ya yi miki albarka. Ki gaishe da maigidanki, gaskiyarsa ce.

Na je. Asibitin bai yi wuyar samu ba, ɗakin ne sai da na zaga sau biyu. Wata siririyar hanya ce tsakanin katanga da inda ake shanya zannuwan gadon marasa lafiya. Farare fat, iska tana kaɗa su, ina ratsawa kamar mai tafiya cikin gajimare. Ƙamshin sabulu ya sa na ji kamar mahaifiyarki ce ta yi wanki, yanzu za ta leƙo ta ce in kau da hannuna mai alli. Tun rasuwarta ban ji ta kusa haka ba. Na daɗe a tsaye.

Ta taga na hango wani mai furfura yana jera kujeru a zagaye. Uwata, ɗalibina ne. Ni na taɓa tsayar da shi gaban aji saboda warin taba, na yi masa wa'azi har aka kaɗa ƙararrawa. Sai na juya. Inda na nufa daga nan, kin sani.

Mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaisuwa. Na yi kuka, na kuma ji haushi, ba zan ɓoye maka ba. Shekara talatin kana tsayawa gaban yara, yau taga guda ta kore ka? Shi ma ai ba gyaran kujera ya kai shi ɗakin ba. Ka koma.

'Yarka.

*

Uwata,

Gaisuwa da sa albarka. Kin yi mini faɗa da muryar uwarki, har na waiga.

Laraba uku ina zuwa ina tsayawa cikin zannuwan nan, ina jin muryoyi ƙasa-ƙasa kamar daga cikin ruwa. Wani lokaci dariya. Ban san ana dariya a irin wannan wuri ba. Ta huɗu sai ƙofa ta buɗe, ɗalibin nan nawa ya fito. Ashe walda yake yi yanzu, duk hannunsa tabo.

Ya rusuna ya ce, "Malam, zannuwan nan ba su kai ƙasa ba. Wata guda muna kallon takalmanka."

Na ce, "Wucewa nake yi."

Ya ce, "Ni ma wucewa nake yi, shekara shida ke nan. Shigo ka huta."

Mu tara ne. Akwai direba, akwai wata mai ɗinki. Fanka tana juyawa a hankali, rana ta faɗo kan siminti, kowa yana ba da labarinsa, ni kuwa kamar nawa suke karantawa. Da aka zo kaina na miƙe tsaye, yadda na saba. Mai ɗinkin ta ce, "Zauna, Baba, nan ba aji ba ne." Na zauna na ce ina sha, kuma na kasa dainawa. Ba wanda ya sunkuyar da kai.

Mahaifinki.

*

Baba,

Barka, barka. Na karanta wa baban yarinyar wasiƙarka, ya ce in an yi hutu mu zo mu kwana biyu. Jikarka har ta haɗa jaka. Mu taho?

'Yarka.

*

Uwata,

Kwana goma sha tara na yi ban sha ba, ran na ashirin na sha. Na faɗa musu, yau kuma kwana shida. Ki yi wa maigidanki godiya, amma kada ku taho tukuna. Ki ce wa matata mijinta yana gyaran gida, in ya gama shi da kansa zai zo ya ɗauke ta.

Ki ci gaba da rubuto mini.

Mahaifinki.