Jakada Zai Rufe Ƙofa Ranar Waliyyinsa

Uwargida Evantiya, don Allah ki agaza mini da shawara kafin in fasa wani abu a gidan nan, domin na cika na yi fam.

Mijina jakada ne, ko in ce dā can jakada ne. Tun yana saurayi yake yi wa ƙasarmu Girka aiki a waje, na bi shi garuruwan da sai a yi wata ba a ga rana ba. Da yaƙi ya ƙare, shi aka tura teburin sulhu. Ya tafi neman ƙauyukan nan na kan iyakar arewa, ya dawo babu su. Manyan ƙasashe sun gama rabonsu tun kafin a ba shi kujera, kuma da ya ƙi sa hannu, da har yau ana kwasar 'ya'yan mutane suna mutuwa a kan duwatsu. Waɗanda suka bugo waya suka ce ya sa hannu, su ne yau suke cewa ba da yawunsu ba. Jaridu, har da taku, suka zana shi riƙe da almakashi yana yanka taswira.

Duk wannan na shanye. Ga abin da ya ƙi shanyuwa. Ranar bikin waliyyin da ya ci sunansa ta matso. Kin san ba a gayyata, ƙofa ake buɗewa, mai zuwa ya zo. Dā ministoci har kan matakala suke tsayuwa. Bara na kwana biyu ina dafa ɓawon lemo da sukari, na goge ƙananan cokulan da baƙi za su ci da su, ya sa baƙar kwat ɗinsa ya zauna a falo. Ƙanwata ce kawai ta zo, sai wani kurman maƙwabci. Bana ya ce zai sa 'yar sanarwar nan a jarida, cewa ba ya biki, ba ya karɓar baƙi. Haba! Wannan ai ta masu makoki ce. Wa ya mutu? In ya buga ta, ya amsa laifin da bai yi ba ke nan. Ni so nake in wangale ƙofa, in kunna kowace fitila, masu tsegumi su mutu da haushi. Mun daina cin abinci tare saboda maganar nan. In buɗe ko yana so ko ba ya so?

Matar da ba ta sunkuyar da kai ba, daga birnin Atina

Ya 'yar'uwa, ɓoye sunan nan wahalar banza kika yi, duk garin nan an san almakashin. Kuma gara in gaya miki tun yanzu: uwata 'yar ɗaya daga cikin ƙauyukan nan ce, kabarinta yana ƙetaren iyaka yau. Ba duk mai fushi da mijinki ne munafuki ba.

Amma kin fi shi gaskiya a kan sanarwar. Mutumin da ya sa hannu a gaban duniya bai kamata ya ɓuya a bayan layi biyu na jarida ba. Sai dai ki lura, shi ne ya zauna cikin kwat yana sauraren ƙararrawar ƙofa, wadda ba ta kaɗa ba, ba ke ba. Ranarsa ce. In kika buɗe ƙofa ba da yardarsa ba, kin yi masa abin da manyansa suka yi masa: an yanke, an ce ya zauna ya karɓa.

Ki koma cin abinci da shi tukuna. Ki daina yi masa zancen maƙiya, ki gaya masa ke ce ba ki yarda a yi makokinsa yana raye ba. In ya amince, kada ki kunna fitilu don ministoci, ba za su zo ba. Ki yi abu kaɗan, ki jera kujeru kaɗan. In ya ƙi, ki roƙe shi abu ɗaya: ya bar jarida ta huta, ko da ƙofar za ta zauna a rufe.

In kuwa ta buɗu, ki ajiye mini kujera kusa da shi. Ban huce ba, ina da tambayar da zan yi masa game da ƙauyen uwata, kuma a fuskarsa nake so in yi ta. Amma sai na fara yi masa fatan shekaru masu yawa, kamar yadda ake yi wa rayayye.

Allah ya sanyaya muku zuciya ku duka biyu.

Evantiya