Katin da ke cikin jakar Baffa

Yalwawa, Dutse,
9 ga Yuni, 2008.

Zuwa ga Yaya Mu'az,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali, ya kare ku a zaman Fatakwal, ya sa albarka a aikinka. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. An yi ruwan shuka ranar Talata, har an kai shanu gona wajen Jahun. Baffa na nan da ƙarfinsa, sai ɗan ciwon gwiwar nan da ka sani. Na zaɓi in rubuto maka ne don labarin ya fi ƙarfin katin waya, kuma kai ba ka bari mutum ya kai aya idan ana magana da kai.

Yaya, an kama su! Wallahi murna ta cika ni. An kama ɓarayin da suka kwashe kuɗin Hajjin Baffa daga banki, kuma Malam Jang maƙwabcinmu ba shi da hannu ko na ƙwayar gero. Ka zauna ka karanta a tsanake, don akwai rabonka a ƙarshe.

Ka tuna tun da aka mayar da fanshon Baffa banki aka ba shi katin cirar kuɗi, Malam Jang ne ke ɗaukarsa a babur duk ƙarshen wata kafin ya wuce ofis, ya danna masa na'ura. Shi kaɗai ya san lambar sirrin bayan Baffa. Ranar da na raka Baffa banki don biyan kuɗin kujera, ma'aikacin ya ce asusun wayam, an yi kwana huɗu ana cira da kati da lamba daidai, don haka mu bincika na gida. Bai ce mu nuna katin ba, mu ma ba mu nuna ba. Yana cikin 'yar jakar fatar nan da Baffa ke ajiye takardunsa, wa zai ce ya buɗe? Kafin la'asar duk Yalwawa ta yanke hukunci. Ni ma ban wanke kaina ba, na daina shiga wurin Liyatu matar Malam Jang, matar da ta yi jinyar Inna har Allah ya karɓi abinsa. Kai kuma ka bugo wa Malam Jang waya ka ce ya dawo da amana ko ka sa a ɗaure shi. Baffa bai ce shi ne ba, bai ce ba shi ba ne. Kwana goma sha tara yana shiru.

Abin da ya tona asirin ƙaramin abu ne. Wata abokiyar aikina a makaranta ta ce ai ya kamata a kai katin a rufe shi. Na yi ta lallaɓa Baffa har ya miƙo mini jakar yana kallon gefe. Ina cikin a-daidaita na fito da katin, sai na ga sunan da ke jiki: Rabi'atu Isah. Na goge ido na sake dubawa. Launi ɗaya, tambari ɗaya, amma ba na Baffa ba ne. Na yi ta tambaya har na gano ta a Limawa, malamar firamare ce mai ritaya. Da ta ga katin sai ta fashe da kuka, ta ce ita ma an yashe ta watan jiya, kuma wanda ke hannunta na wani tsoho ne daga Kiyawa. Ashe haka suke yi, katin wanda suka cuta jiya da shi suke musanya na wanda za su cuta yau.

Na koma gida na durƙusa gaban Baffa na ajiye katin, na nuna masa sunan da ke jiki. Sai ya ajiye carbinsa. Ya ce wata safiya da Malam Jang ya tafi taro Kano, ya ga cewa mutumin da ya koyar da lissafi shekara talatin bai kamata na'ura ta gagare shi ba, sai ya tafi shi kaɗai. A layi wani saurayi mai farar kaftani ya cire takalmi ya tsuguna ya gaishe shi da Fillanci tsantsa, ya tambayi shanu, ya tambayi ruga, ya ce nauyi ne a kansa ya ga dattijo tsaye a rana. Baffa ya ba shi katin, ya kuma faɗi lambar da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya kamar yana gaban allo. Yaron ya danna, ya ce na'urar ba ta da sabis, a dawo gobe, ya miƙo kati da hannu biyu. Kai ka san Baffa da fulako, ba zai taɓa duba abin da aka miƙo masa a gaban wanda ya miƙo ba, don a wurinsa zargi ne. Ya sa a jaka ya shi masa albarka. Tun ranar da aka ce asusu wayam zuciyarsa ta ba shi yaron ne, amma kunyar a ce sa'an jikansa ya yi masa wayo ta rufe masa baki. Yaya, ban taɓa jin haushin Baffa ba sai ran nan, kuma ban taɓa jin tausayinsa haka ba.

Yanzu ga wurin daɗin. Muka kai wa 'yan sanda bayani, sajan da muka samu ya ce irin yaran nan ƙarshen wata suke fitowa, ranar da kuɗin 'yan fansho ya shiga. Ana neman tsohon da za a sa a layi, sai Goggo Gaji ta ce ita ce nan. Goggon da ke ƙorafin baya kullum! Ranar ta ɗaura tsohon zane, ta ari sanda, ta riƙe mataccen katin nan a juye tana tambayar mutane ta ina ake zuba shi. Ni da Baffa muna cikin motar maigidana Baban Haisam a tsallaken titi. Ba a yi rabin awa ba sai ga mai farar kaftani ya tsuguna. Baffa ya kama hannuna ya ce shi ne. Yaron na miƙo mata kati, Goggo ta yar da sanda ta cafke wuyan rigarsa da hannu biyu tana kururuwa, har ɗankwalinta ya faɗi. Abokinsa ya zura da gudu ya faɗa hannun sajan. Da ka ga Goggo, da ka yi dariya har ka faɗi. Har yau duk wanda ya shigo gida sai ta sake kwatanta masa, kuma kullum yaron ƙara tsawo yake.

An samu kati talatin da wani abu a jakarsu. Ba su wuce shekara ashirin da biyu ba, kuma kowanne da harshen da ya iya, mai Fillanci daban, mai Turancin ma'aikata daban. Sun ce abin ba wuya, tun da babu mai gadi a wurin na'urar, katunan duk kama ɗaya, wasu tsofaffin ma a bayan katin suke rubuta lambar. Maganar ko kuɗin za su dawo tana hannun hukuma, ban sa rai sosai ba.

Ran Juma'a bayan an sauko, Baffa ya taka da ƙafarsa zuwa ƙofar gidan Malam Jang, jama'ar masallaci na biye. Ya ƙi kujerar da aka kawo masa, ya zauna a ƙasa. Ya faɗa wa kowa cewa shi ya san gaskiya tun farko ya yi shiru, ya bar mutumin kirki da sunan ɓarawo, ya roƙi gafara. Malam Jang ya tashe shi yana hawaye, ya ce ya yafe. Sai dai tun makon da ka bugo masa waya ya nemi a mayar da shi Jos, kuma takardar ta fito. Shekara goma sha shida muna katanga ɗaya, ga shi ƙarshen watan nan za su tashi. Jiya ni na taya Liyatu ɗaure kwanuka, muka yi ta kuka kamar yara. Don Allah Yaya, kada ka aiko ni, kada ka aiko saƙo. Ka zo da kanka kafin motar kaya ta zo.

Ka gaishe mini da Anti Mu'minatu da kyau, da su Hadiyya da Ni'imatullahi, ka ce Hadiyya ta dage da karatu. Baffa yana sa maka albarka. Goggo Gaji na gaishe ka, ta ce ka taho mata da sabon ɗankwali. Baban Haisam da yara duk suna gaisuwa. Liyatu ta tambayi lafiyar 'ya'yanka ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Malam Jang yana zaune ya ji na ce zan rubuto maka, bai ce a gaishe ka ba, ni kuma ba zan yi masa ƙarya ba.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka mai jiran zuwanka,
Huseina.